Baƙo da Ɗanyen Nama: Abin da Muka Koyo a Ƙasar Habasha

Tafiya mabuɗin ilmi, in ji mutanen dā. A zamanin iyayenmu, wanda ya je Ikko ya komo sai a yi mako guda ana taruwa a ƙofar gidansa domin jin labari. Yau kuwa da wuya ka sami ekklisiyar da ba ta da ɗa ko 'ya mai karatu a ƙasar waje, ko wanda ya je ziyara Urushalima, ko ɗan kasuwa mai zuwa ƙasar Sin saro kaya. Kafin su tashi mukan yi musu addu'a, mu gargaɗe su a kan ɓarayi da sanyi da miyagun abokai. Amma akwai abu guda da ba mu cika tunawa da shi ba, watau abincin da za a ajiye a gabansu. Mu ma ba mu tuna ba, sai ran da muka ga kaskon ɗanyen nama a gabanmu, mai gida kuma yana murmushi, yana jira mu sa hannu.

Ranar da aka kai mu cin kitfo

Mu huɗu ne aka aika wani taron malaman makarantun ekklisiya a Adis Ababa, babban birnin Habasha. Akwai wani dattijo da dukanmu muke kira Baba, da wani saurayin malami wanda bai daɗe da fita kwaleji ba, da wata Malama mai koyar da 'yan aji ɗaya, sa'an nan da mai rubuta wannan labari. Birnin yana bisa tudu, sama da mita 2,300, sanyinsa da dare ya fi na Jos. Ran Alhamis da aka rufe taro, wani ɗan'uwa, shugaban wata makaranta, ya zo da matarsa ya ce ba za mu bar ƙasarsu ba sai mun ci abincin mutanensa. Shi mutumin ƙabilar Gurage ne, su ne kuwa suka yi suna a kan wani abinci da ake kira kitfo.

A bakin ƙofar gidan abincin muka ga rabin sa a rataye, mahauci yana tsaye da farar riga da doguwar wuƙa, an zana jan gicciye a jikin bango. Mai gidanmu ya ce haka mahautan ƙasar suke yi: na Kirista yakan zana gicciye, na Musulmi kuma jinjirin wata, domin kowa ya san inda zai saya. Muka yi murna, muna tsammani balangu za mu ci. Muka duba ko'ina muna neman tukuba ko hayaƙi, ba mu gani ba.

Aka kawo buta da tasa muka wanke hannu. Yaron gidan ya zo ya tsaya, ya dubi Baba da yake shi ne babba, ya ce, “Tire?” Baba ya ɗauka tambaya yake ko a kawo abincin a kan tire, sai ya gyaɗa kai ya ce, “I, tire.” Ashe da harshen Amhara, tire shi ne ɗanye.

Aka fara kawo injera, wata irin waina mai faɗi mai tsami-tsami, kamar sinasir ɗinmu amma ta fi shi girma ƙwarai. Da garin tef ake yinta, wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi kamar acca. Daga baya sai ga kasake, kowane da ganye a shimfiɗe a ciki, a kan ganyen kuma jan nama niƙaƙƙe yana ƙyalli da man shanu. A gefe akwai farin cuku, da dafaffen ganye, da wani abu mai kama da gurasa da suke kira koco. Naman nan bai ga wuta ba ko kaɗan.

Kowannenmu da yadda ya yi. Baba ya ture kaskon da bayan hannu, ya ce da Turanci, a gaban kowa, a ƙasarmu kura ce kaɗai take cin nama haka. Saurayin kuwa ya ci nasa, ya jawo na Baba ya haɗa. Baba ya ce masa da Hausa, “Kai yaro, ka yi hankali da cikinka.” Ya amsa, “Baba, ai an ce mu ci abin da aka sa a gabanmu.” Malama ita ce ta fi mu dabara. Tun da ta ga launin naman ta matsa kusa da matar gidan, ta raɗa mata cewa tana da juna biyu, wata huɗu. Matar ta rungume ta, ta kira yaron gidan, ta faɗa masa kalma guda, “Yebesele,” watau dafaffe. Ba a jima ba aka komo da kaskon Malama yana tururi, naman ya dahu sarai, ta ci ta ƙoshi.

Mu kuwa muna zaune tsakanin tsoro da kunya, sai mai gida ya yagi injera, ya naɗe naman a ciki, ya miƙo hannu har bakinmu. Ya ce, “Ɗan'uwana, wannan gursha ce. Wanda muke ƙauna shi muke ba abinci a baki.” Muka buɗe baki muka karɓa. Gaskiya ɗaya ce, naman yana da daɗi: ga taushi, ga ƙanshin man shanu, ga yaji mai tashi har hanci. Loma ɗaya muka ci, muka koma kan cuku da ganye. Amma mun lura mai gida bai ƙara duban wajen Baba ba har aka tashi.

Dalilin da ya sa suke darajanta shi

Kada mai karatu ya ɗauka talauci ne ko rashin itace ya sa mutanen Habasha cin ɗanyen nama. Abincin biki ne, mai tsada, wanda ake ba babban baƙo. Habasha ita ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan shanu. Kiristocin Ikklisiyar Otodoks ta ƙasar, wadda tushenta ya kai ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana na Aksum, sukan bar nama da madara da ƙwai kowace Laraba da Jumma'a, da kuma kwana 55 na babban azumi kafin Ista, wadda suke kira Fasika. A kwanakin nan mahauta da yawa sukan rufe shago. In azumi ya wuce, sai a yanka sa, a ci namansa tun bai huce ba. Mutanen Gurage kuma sukan koma ƙauyukansu domin idin Meskel, ran 27 ga Satumba, kitfo ne babban abincin idin.

Ba kowane nama ake yin kitfo da shi ba. Sukan zaɓi tsoka zalla, su cire kitse da jijiya, su daddatsa ta da wuƙa har ta yi laushi. Sa'an nan a cuɗa ta da man shanu wanda aka narkar da kayan ƙanshi, da wani yaji mai suna mitmita, wanda ake dakawa da ƙananan barkono masu zafi da kanumfari da gishiri. Koco kuwa daga wani tsiro ake samunsa mai suna ensat, mai kama da ayaba, amma jikinsa da saiwarsa ake kankarewa a binne su yi tsami. Akwai kuma tire siga, inda ake kawo gunduwar nama da wuƙa, kowa ya yanka da kansa ya dangwala a yaji.

Al'adar ta daɗe ƙwarai. Suna ba da labari cewa mayaƙa ne suka fara ta, don kada hayaƙin wuta ya nuna wa abokan gāba inda suka ɓuya. Wani Bature mutumin Sikotlan mai suna James Bruce, wanda ya isa birnin Gondar a 1770, ya koma gida ya ba da labarin cin ɗanyen nama, mutanen Ingila suka ce ƙarya yake yi. Ashe gaskiya ya faɗa.

To, wannan shi ne abin da Baba ya ture da bayan hannu. Daidai yake da a ce ka yanka wa baƙo ragon da ka yi shekara kana kiwo, ya dube shi ya ce abincin karnuka ne.

Abin da ido ba ya gani

Duk da haka tsoron Baba yana da tushe, mutanen Habasha da kansu sun san haka. Babbar cutar da ke bin ɗanyen naman shanu ita ce tsila, wannan doguwar tsutsa mai faɗi kamar igiyar ɗaurin takalmi. Ga yadda take zagayawa. Mutum mai tsila ya yi bayan gida a daji, ƙwayayenta su zube a kan ciyawa. Saniya ta ci ciyawar. Ƙwayayen su ƙyanƙyashe a cikinta, su shiga tsoka, musamman ta zuciya da harshe da muƙamuƙi, su kwanta a cikin wata 'yar jaka fara wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa ko ta wake girma ba. In mutum ya ci naman bai dahu ba, sai jakar ta buɗe a hanjinsa, kan tsutsar ya maƙale, ta yi ta girma. Cikin wata 2 zuwa 3 ta balaga. Takan kai mita 4 zuwa 12, ta kuma yi shekaru a cikin mutum in ba a yi magani ba.

Tun dā mutanen Habasha suna shan furen wani itace mai suna koso domin fitar da ita, waɗansu ma a kai a kai. Amma yawan koso yakan yi lahani, har ga ido. Yanzu akwai magungunan asibiti da suka fi shi aminci.

Tsila takan ba da wahala da kunya, amma ba ta cika kisa ba. Waɗanda suka fi ta haɗari su ne ƙwayoyin cuta da ba a ganinsu sai da madubin likita, irin su Salmonela da I-kolai. Suna zaune a hanjin dabba, su taɓa nama sa'ad da ake fiɗa. A gunduwar nama a bayanta suke tsayawa, shi ya sa gashi yake kashe su. Amma in aka niƙa naman, an cuɗa su ke nan har ciki. Don haka niƙaƙƙen nama yana bukatar zafin da ya kai digiri 71 a ma'aunin Salsiyos har tsakiyarsa. A nan ne baƙi da yawa suke ruɗuwa. Kitfo iri uku ne: tire, watau ɗanye, leb-leb, wanda aka ɗan ɗumama a kasko, da yebesele, dafaffe. Baƙo yakan ce a ba shi leb-leb yana tsammani ya tsira, alhali ɗumi kurum ya ji, cikinsa ɗanye ne. Wanda yake so ya tsira sai ya ce yebesele.

Ga wani kuskure kuma da mu ma muke yi a gida. Yaji ba ya kashe tsila, lemun tsami ba ya kashe ta, gishiri da barasa ma haka. Wuta ce take kashe ta, ko kuwa ƙanƙara mai tsanani ta kwanaki. Masu duba nama sukan sa naman da ake shakka a sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri har kwana 10.

Malama kuwa ta kiyaye abin da ya fi namu duka. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Toksoplasma da ke ɓuya a ɗanyen nama. Babban mutum mai lafiya yakan ɗauke ta bai ma sani ba, amma in ta kama mace a karo na fari tana da ciki, takan iya jawo ɓari, ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri.

Yadda abin ya ƙare

Da dare a masauki Malama ta ce wa Baba, “Baba, ka gafarce ni, amma maganar nan ta yi wa mutumin nan zafi. Kuɗin da ya kashe mana yau ba kaɗan ba ne ga malamin makaranta.” Baba ya yi shiru. Da gari ya waye, da mai gidan ya zo kai mu filin jirgi, Baba ya kama hannunsa da hannu biyu ya roƙi gafara. Mutumin ya yafe, har ya yi dariya ya ce shi ma da ya ji labarin akwai masu cin fara a ƙasarmu sai da cikinsa ya juya. Da Baba bai sauke girman kai ba, da mun bar tabo a zuciyar ɗan'uwa, mu kuwa baƙin kwana biyar ne kurum.

Bayan kamar wata uku, saurayin malamin ya same mu a ofis bayan an tashi makaranta. Ya ce, “Malam, ina da magana amma kunya nake ji.” Ashe ya fara ganin waɗansu abubuwa farare masu faɗi suna motsi a wandonsa. Muka raka shi asibiti, aka gwada bayan gidansa, aka ga tsila ce. Likita ya ba shi maganin da ake kira firazikwantel, shan sau ɗaya, ya warke. Ba za mu rantse cewa daga Habasha ya kwaso ta ba, gama tsiren da bai gasu ba a tashar mota ma yakan ba da ita. Amma shi dai ya ce ya gama da ɗanyen nama.

Waɗansu ƙasashe da nasu ɗanyen

Abin da ya same mu zai iya samun matafiyi a ƙasashe da yawa, har waɗanda suka fi ci gaba.

A Japan ɗanyen kifi ne abin alfahari. Sashimi shi ne kifin da aka yanka siriri-siriri ba dahuwa. Sushi kuwa sunan shinkafa ce mai ɗan tsami da ake ɗora abu a kai, ko kifi ɗanye, ko soyayyen ƙwai, ko dafaffen jatan lande, ko kokwamba. Saboda haka baƙo yana iya cin sushi ya ƙoshi bai taɓa ɗanye ba, in ya san abin da zai nema. Haɗarin kifin teku shi ne wata farar tsutsa kamar zare, tsawonta santimita 2 zuwa 3, mai suna Anisakis. Tana yawa a irin kifin da muke kira titus. In aka haɗiye ta da rai, takan huda bangon tumbi, ciwon ciki mai tsanani ya tashi cikin sa'o'i kaɗan, sai likita ya zura na'ura ta maƙogwaro ya tsamo ta. Daskarewa tana kashe ta. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta ce kifin da za a ci ɗanye a sa shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na aƙalla sa'a 24, hukumar abinci ta Amurka kuwa ta ce kwana 7. Japanawa suna da tsabta ƙwarai, duk da haka a 2011 mutum 5 suka mutu bayan cin ɗanyen naman shanu a waɗansu gidajen gashi, a 2012 kuma gwamnati ta hana sayar da ɗanyar hantar shanu a gidajen abinci.

Kifin ruwan daɗi ya fi na teku haɗari. A arewa maso gabashin Tailan ana cin ƙananan kifayen kogi ɗanyu da yaji da lemun tsami, suna kiransa koi pla. Kifin yana ɗauke da wata tsutsa da ke zama a hanyar matsarmama shekara da shekaru, yankin kuma yana cikin wuraren da suka fi yawan sankarar wannan hanya a duniya. A Peru akwai sebice, kifin da ake jiƙawa a ruwan lemun tsami har ya yi fari kamar dafaffe. Launi ne kurum ya sāke. Da annobar kwalara ta ɓarke a ƙasar a 1991, ta kama mutum fiye da 300,000 a shekarar, hukumar lafiya ta gargaɗi jama'a su bar cinsa.

A Turai sunayen ne suke ruɗin baƙo. In ka ga tartare a takardar abinci a Faransa, niƙaƙƙen ɗanyen nama ne, sau da yawa da ɗanyen ƙwai a kai. Carpaccio a Italiya ɗanyen nama ne yankan siriri. A Beljiyam da Holan ana kiran niƙaƙƙen ɗanyen nama filet americain. Mett a Jamus ɗanyen naman alade ne da ake shafawa a burodi. Yukhoe na Koriya ne. Wajen mutanen Labanan, waɗanda muka sani tun dā a Kano, kibbe nayye ne, nayye kuwa ɗanye ke nan da Larabci. A kiyayi na alade musamman, gama tsilar alade ta fi ta shanu mugunta: in ƙwayayenta suka shiga bakin mutum ta hannu mara tsabta, sukan kai ƙwaƙwalwa su jawo farfaɗiya.

Gidajen da ba a hura wuta

Akwai kuma wani irin gidan abinci a manyan biranen Turai da Amurka inda babu nama, babu kifi, ba a kuma dafa kome. Ganye ne da 'ya'yan itace da gyaɗa iri-iri da tsiron hatsi. Ƙa'idarsu ita ce kada zafin abinci ya wuce wajen digiri 48. Ra'ayin ya samo ƙarfi tun wajen 1900 daga wani likita na birnin Zurik a Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, wanda yake ba marasa lafiyarsa ɗanyun 'ya'yan itace da hatsi. Akwai gaskiya a ciki, gama dahuwa takan rage bitamin C. Mu ma ai muna cin yalo da karas da kokwamba ɗanyu. Amma mun kuma san rogo mai ɗaci yana kisa in ba a jiƙa shi an sarrafa ba, wake ma ba a cinsa ɗanye.

Matafiyi yakan saki jiki a irin gidan nan da yake ba nama. Sai dai mu tuna da abin da ya faru a Jamus a 2011. Wata muguwar I-kolai ta kama mutum kusan 4,000, ta lalata ƙodar ɗaruruwa, ta kashe fiye da 50. Da fari aka ɗora laifin a kan kokwambar Sifen, manoma suka yi hasara a banza. Daga baya aka gane tsiron hulba ne, irin hulbar nan da matanmu suka sani, wadda aka sayo irinta daga Masar. Ɗumi da laimar da iri yake so domin ya tsira, su ne ƙwayar cuta ma take so domin ta yaɗu. A inda ruwan famfo ba shi da aminci kuma, latas ɗin da aka wanke da shi da ƙanƙarar da aka sa a lemo duk abin shakka ne.

Maganar lamiri

Waɗansu 'yan'uwa sun tambaye mu ko cin ɗanyen nama zunubi ne. Saurayinmu ya dogara ga umarnin da Ubangiji ya ba almajirai a Luka sura 10, da shawarar Bulus a 1 Korantiyawa sura 10, game da karɓar abin da mai gida ya kawo. Manufar wuraren nan ita ce kada mu ƙyamaci mutane saboda abincinsu, ba su tilasta wa mace mai ciki ta sa jaririnta cikin haɗari ba. Baba kuwa ya tuna da taron Urushalima a Ayyukan Manzanni sura 15, inda aka ce masu bi su guji jini. Naman kitfo na dabbar da aka yanka ce, jininta ya tsiyaye, jan ruwan da ke jikinsa yawancinsa ruwan tsoka ne. Amma akwai wurare, kamar Biyetnam, inda ake cin ɗanyen jinin agwagwa ko na alade da gangan. Wannan lamiri da likita duka sun hana mu. A sauran kuwa, Romawa sura 14 ta koya mana kada mai ci ya raina wanda ba ya ci, kada kuma wanda ba ya ci ya hukunta mai ci. A teburin nan na Adis Ababa, Malama ce kaɗai ta cika wannan ba tare da ta cuci kanta ba.

Shawara ga mai shirin tafiya

1. Kafin ka tashi, ka koyi kalmomi uku na harshen ƙasar: ɗanye, dafaffe, da na gode. Ka rubuta su a takarda ka sa a aljihu. Matambayi ba ya ɓata.

2. Ka yi magana tun kafin a kawo abinci. In an gayyace ka, ka ce wa mai gida tun a hanya, “Cikina bai saba da ɗanye ba, a taimake ni a dafa nawa.” Ƙin abin da aka riga aka biya kuɗinsa shi ne mai zafi.

3. Ka ɗora dalilin a kan cikinka, kada ka ɗora a kan abincinsu. Ka yaba abin da za ka iya ci, ka ci shi da yawa. A Habasha akwai tibs, soyayyen nama, da shiro, miyar garin wake, da kwanon azumi mai ganyaye kala-kala da ake kira beyaynetu.

4. Mata masu ciki, yara ƙanana, tsofaffi, masu ciwon sukari ko na hanta ko na ƙoda, da duk wanda garkuwar jikinsa ta raunana, kada su taɓa ɗanyen nama, ko kifi, ko ƙwai, ko madarar da ba a tafasa ba, ko tsiron hatsi, kome matsin da aka yi musu.

5. In kai lafiyayye ne kana so ka ɗanɗana, ka zaɓi gida mai tsabta mai yawan ciniki, inda ake yanka a gabanka. Ka tambaya ko an daskarar da kifin. Ka guji ɗanyen naman alade da na kaza da hanta da kifin kogi ɗungum.

6. In zawo ya kama ka, ka yi ta shan ruwan gishiri da sukari. In ka ga jini a ciki, ko zazzaɓi mai zafi, ko fitsari ya ragu, ka nemi likita nan da nan. In kuma bayan ka komo gida ka ga abin da saurayinmu ya gani, kada kunya ta hana ka zuwa asibiti, ka kuma gaya wa likita ƙasar da ka je da abin da ka ci.

Darasin nan bai tsaya a ƙasar waje ba. Tsilar da ke Habasha ita ce take nan wurinmu, hanyarta kuma ɗaya ce. Gidan da ya haƙa masai ya kuma hana yara zuwa daji ya yanke mata hanya. Uwar gida ta dafa nama har jan cikinsa ya ɓace, mai gida kuma in ya tsaya wurin mai tsire ya tsaga yanka ɗaya ya duba kafin a naɗe masa.

Malama ta haifi ɗanta namiji lafiya. Da muka aika wa mai gidanmu na Adis Ababa da hoton jaririn, matarsa ta amsa da cewa in yaron ya girma a kawo shi, ita da kanta za ta ba shi gursha, kuma yebesele za ta ba shi.